Darasi na Goma Sha Ɗaya: Yadda Malaya Ta Shiga Hannun Turawa da Yadda Ta Fita

Wanda duk ya buɗe taswirar duniya ya ɗora yatsansa a kan Indiya, sa'an nan ya ja shi gabas ya ƙetare teku, zai iske wani zirin ƙasa da ya zuro daga ƙasar Siyam, wadda ake kira Tailan a yau, ya miƙa kudu har bakin tsibirin Singafo. Wannan zirin shi ne Malaya, kuma ta wajen yammacinsa, a daidai inda kogin Gombak ya haɗu da kogin Klang, nan birnin Kuala Lumpur yake. Mun zaɓi wannan ƙasa don darasinmu na yau saboda kusancin al'amarinta da namu, duk da nisan da ke tsakani: ƙasa ce ta Musulmi, mabiya mazhabar Shafi'i, masu sarakuna da alƙalai da malamai, masu rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci irin ajaminmu, kuma Turawan da suka mallake mu su suka mallake su, har ma waɗansu gwamnonin da suka zauna a Ikko can suka fara koyon aikin mulki.

Zamanin wayewar kai da juyin da ya haifa

Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa ƙarshen na 18 aka sami waɗansu masana a Turai waɗanda suka ɗauki tambayar da a da ba a cika yin ta a fili ba, wato mene ne hujjar sarki ta mulkin mutane, suka shimfiɗa ta a littattafai, har masu tarihi suka sa wa zamaninsu suna zamanin wayewar kai. John Locke na Ingila ya tafi a kan cewa hukuma amana ce da jama'a suka danƙa da yardarsu don a tsare musu rai da 'yanci da dukiya, in kuwa aka ci amanar, suna da haƙƙin karɓe ta. Montesquieu na Faransa, a littafinsa na 1748, ya ce kada a tara ikon yin doka da na zartar da ita da na shari'a a hannu ɗaya, domin tara su shi ne ƙofar zalunci. Rousseau kuma, a 1762, ya ce asalin mulki na jama'a ne gaba ɗayansu.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka karatu kaɗai ya tayar da mutane, domin sau da yawa hujja takan kwanta a littafi shekara da shekaru sai ranar da matsi ya sa aka neme ta. A Amurka matsin haraji ne. Ingila ta fito daga yaƙin shekara bakwai a 1763 da bashi mai nauyi, ta ɗora wa yankunanta goma sha uku na Amurka haraji iri iri, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja har aka kai ga makami, suka shelanta 'yancinsu ran 4 ga Yuli 1776, Ingila ta sallama a 1783. A Faransa kuwa baitulmali ne ya ƙare, wani ɓangare saboda kuɗin da aka kashe wajen taimakon Amurkawan nan, ga tsadar burodi, ga manyan gida da manyan coci da aka ɗauke wa mafi yawan haraji aka bar talaka da shi. Ran 14 ga Yuli 1789 mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille, a watan Agusta aka rubuta takardar haƙƙoƙin ɗan Adam, a Janairun 1793 aka kashe Sarki Louis na 16, fitina ta ci rayuka dubbai, daga ƙarshe mulki ya faɗa hannun wani soja, Napoleon.

Waɗanda suka fara gwada ko daidaicin nan da ake ta shela ya shafi baƙar fata su ne bayin Haiti, yankin mulkin Faransa, 'ya'yan Afirka, waɗanda suka tashi a 1791, Toussaint Louverture ya shugabance su, Dessalines ya kammala, suka kafa ƙasarsu ran 1 ga Janairu 1804. Sai ga Faransa a 1825 ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da su. A wannan shekara ta 1804 ne kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma wajibi ne a faɗa a nan cewa sukar da Shehu ya yi wa harajin zalunci da cin hanci na sarakunan zamaninsa daga Alƙur'ani da Sunna da littattafan fiƙihu ya ciro ta, bai aro ta daga masanan Turai ba. Neman a yi wa mai mulki hisabi ba gadon al'umma ɗaya ba ne.

Abin da ya fara isa Malaya

Abin lura shi ne, sakamakon farko na waɗannan juyin juya hali da ya isa Malaya shi ne jiragen ruwan 'yan mulkin mallaka. Turawan Fotugal sun riga sun ci birnin Malaka a 1511, mutanen Holan suka ƙwace shi daga hannunsu a 1641, amma sauran ƙasar tana hannun sarakunanta. Da Ingila ta rasa Amurka sai ta ƙara mai da hankalinta gabas. A 1786 wani matuƙin jirgi, Francis Light, ya karɓi tsibirin Penang daga Sarkin Kedah a madadin Kamfanin Indiya ta Gabas, sarkin yana sa ran za a kare shi daga Siyam, kariyar da bai samu ba. Ganuwar da aka gina a can sunan Cornwallis aka sa mata, kuma shi ne janar ɗin da ya miƙa wuya ga Amurkawa a Yorktown a 1781, aka naɗa shi Gwamna Janar na Indiya a shekarar da aka karɓi Penang.

Juyin Faransa shi ma ya yi nasa aikin. A 1795 sojojin Faransa suka mamaye Holan, shugabanta William na 5 ya gudu Ingila ya rubuta wa gwamnoninsa na ƙetare su miƙa wa Ingilishi wurarensu don kada su faɗa hannun Faransawa, ta haka tutar Ingila ta hau Malaka. A 1819 Stamford Raffles ya kafa zango a Singafo, a 1824 kuma Ingila da Holan suka zauna a Landan suka raba duniyar Malayawa biyu, zirin ƙasar na Ingila, tsibiran kudu na Holan; wannan layin shi ne tushen iyakar Malesiya da Indonesiya a yau, kamar yadda wani layi da Ingila da Faransa suka ja ya raba Katsina da Maraɗi ba tare da an shawarci mazauna ko ɗayansu ba.

Shiga cikin ƙasar kuwa kuza ce ta jawo shi. Wajen 1857 ma'aikata Sinawa suka hau kogin Klang da izinin Raja Abdullah suna neman kuza, zangonsu ya zama Kuala Lumpur, shugabansu Yap Ah Loy ya sake gina garin bayan yaƙi ya rushe shi. Rigingimun gadon sarauta da na ƙungiyoyin masu haƙar kuza suka ba Ingilishi dalilin da suke nema, aka ƙulla yarjejeniyar Pangkor a 1874, wadda ta ce Sarkin Perak zai karɓi Razdan, kuma dole ya nemi shawararsa ya bi ta a kowane al'amari in ban da addini da al'adar Malayawa. Razdan na farko, Birch, an kashe shi a 1875, amma tsarin ya zauna ya bazu. A 1896 aka haɗa Perak da Selangor da Negeri Sembilan da Pahang aka mai da Kuala Lumpur hedkwatarsu, a 1909 Siyam ta sakar wa Ingila jihohi huɗu na arewa, Johor ta karɓi mashawarci a 1914. Dattawan ajin nan da suka ji labarin Razdan da En'e daga iyayensu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayanin wannan tsari: sarki yana kan karagarsa da rawaninsa, haraji da hukunci suna ofishin Bature.

Abin da ya bambanta su da mu shi ne yawan baƙin da aka shigo da su. Sinawa suka cika ramukan kuza da kantunan gari, Indiyawa, yawancinsu Tamil, aka kwaso su don tsagar itatuwan roba, Malayawa kuwa aka bar su a ƙauye da noman shinkafa da kamun kifi. Kowace al'umma da makarantarta da harshenta da sana'arta, har ya zamana a 1957 Malayawa kusan rabin jama'a ne kawai, Sinawa sun haura sulusi, Indiyawa sun ɗara ushiri kaɗan. Duk abin da zai biyo baya a darasin nan, wannan lissafin yana ƙarƙashinsa.

Farkawa

Farkawar Malayawa ta ƙofa biyu ta shigo, kuma ta farkon daga Alƙahira take. A 1906 Shaihu Tahir Jalaluddin da Sayyid Shaihu al-Hadi da abokansu suka fara buga mujallar al-Imam a Singafo, suna bin sawun Shaihu Muhammad Abduh da mujallar al-Manar ta Rashid Rida, suna kira ga ijtihadi da ilmin zamani da karatun 'ya'ya mata, suna tambayar me ya sa Musulmi suka koma baya a ƙasarsu. Ta biyun makarantar boko ce. A 1905 Ingilishi suka buɗe kwaleji a Kuala Kangsar don 'ya'yan sarakuna, a 1922 kuma suka buɗe kwalejin horar da malamai ta Sultan Idris a Tanjung Malim don 'ya'yan talakawa. A wannan shekara ta 1922 ne Gwamna Hugh Clifford, wanda ya yi ƙuruciyar aikinsa a Pahang har ya zama Razdanta, ya buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. An gina waɗannan makarantu don a sami malamai da ma'aikata masu biyayya, sai ga su sun yaye masu neman 'yanci: Ibrahim Yaacob, ɗalibin Tanjung Malim, shi ya kafa ƙungiyar samari ta Kesatuan Melayu Muda a Kuala Lumpur a 1938. A 1939, shekarar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, jaridar Utusan Melayu ta fara fitowa da ajaminsu a Singafo.

Sai yaƙi ya zo ya yi cikin mako goma abin da jaridu ba su yi ba cikin shekara talatin. Sojojin Japan suka sauka a Kota Bharu ran 8 ga Disamba 1941, suka shiga Kuala Lumpur ran 11 ga Janairu 1942, ran 15 ga Fabrairu rundunar Ingila ta miƙa wuya a Singafo. Mulkin Japan ya zo da yunwa da aikin tilas da kisa, musamman a kan Sinawa, waɗanda da yawansu suka shiga daji ƙarƙashin 'yan gurguzu suna yaƙin sunƙuru. Amma kwarjinin Bature ya riga ya zube a idon kowa, kuma hujjar da aka kafa mulkin a kanta, wato kariya, ta faɗi.

Shekarar 1946

Nan ne ya kamata mu dakata, domin a ganina wannan shekara ta fi 1957 kanta muhimmanci. Da Ingilishi suka dawo sai suka zo da sabon shiri: a haɗa jihohin Malayawa tara da Penang da Malaka su zama ƙasa ɗaya ƙarƙashin Gwamna, a mai da ikon sarakuna ga Sarkin Ingila a bar musu al'amuran addini kawai, a kuma buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa ga yawancin baƙi. Aka aiko Sir Harold MacMichael, wanda ya daɗe yana aiki a Sudan, ya kewaya sarakunan ɗaya bayan ɗaya daga Oktoba zuwa Disamban 1945, yana riƙe da ikon binciken hulɗar kowannensu da Japan, ya dawo da sa hannunsu duka.

Abin da ba a zata ba shi ne talakawa su ce sarki ba shi da ikon bayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. A farkon watan Maris 1946 wakilan ƙungiyoyin Malayawa 41 suka taru a kulob ɗin Sultan Sulaiman a unguwar Kampung Baru ta Kuala Lumpur, Dato' Onn Jaafar na Johor yana shugabanta, suka ƙi shirin baki ɗaya. Ran 1 ga Afrilu, ranar da za a rantsar da Gwamna Edward Gent, sarakunan sun riga sun iso birnin, amma Onn da jama'ar da suka taru a ƙofar masaukinsu suka roƙe su kada su halarta, ba su kuwa halarta ba. Maza suka ɗaura farin ƙyalle a hulunansu alamar makoki, mata suka fito zanga-zanga da yawan da ba a taɓa gani ba. Ran 11 ga Mayu aka kafa jam'iyyar UMNO a Johor Bahru. Ingila ta ja da baya, ran 1 ga Fabrairu 1948 aka maye gurbin shirin da Tarayyar Malaya, aka mai da wa sarakuna martabarsu, aka tsananta sharuɗɗan zama ɗan ƙasa.

Ku dubi bambancin da Faransa. Can jama'a sun tabbatar da ikonsu ta hanyar kawar da sarki; nan sun tabbatar da shi ta hanyar ceto sarakunansu daga takardar da sarakunan suka sa wa hannu, kuma sarkin da talakawansa suka ceto ya san daga ranar nan mubaya'a tana da sharaɗi. Sai dai nasarar ta al'umma ɗaya ce, domin Basine da Ba'indiyen da aka haifa a ƙasar sun ga an ja musu ƙofar da aka fara buɗewa. Haɗakar ƙungiyoyin da suka nemi tsarin mulki na kowa da kowa sun kira yajin aiki na ƙasa duka a Oktoban 1947, hukuma ba ta saurare su ba.

Daga dokar ta-ɓaci zuwa Merdeka

A watan Yunin 1948, bayan an kashe Turawa uku masu kula da gonakin roba a Sungai Siput, aka kafa dokar ta-ɓaci, jam'iyyar gurguzu ƙarƙashin Chin Peng ta koma daji, yaƙin bai ƙare a hukumance ba sai 1960. Ingila ba ta da niyyar sakin ƙasar da robarta da kuzarta ke kawo mata dalar Amurka a lokacin da take fama da bashin yaƙi. Aka kwashe mutane kimanin rabin miliyan, yawancinsu manoma Sinawa, aka zuba su cikin sababbin ƙauyuka masu shingen waya. A Batang Kali, a Disamban 1948, sojojin Ingila suka harbe mutum 24 da ba su da makami. A Oktoban 1951 'yan daji suka kashe babban wakilin Ingila, Sir Henry Gurney. Dokar ta kuma shafe jam'iyyun Malayawa masu zafin ra'ayi, aka ɗaure shugabanninsu irin su Ahmad Boestamam da Dokta Burhanuddin al-Helmy, fagen ya koma na masu sassauci. Ingila ta gane ba za a ci 'yan gurguzu ba sai an yi alkawarin 'yanci, amma ta gindaya sharaɗi: sai al'ummomin sun nuna za su iya zama tare.

Amsar ta fito daga ƙaramin zaɓe. A Fabrairun 1952 za a zaɓi 'yan majalisar garin Kuala Lumpur, sai shugabannin UMNO da na jam'iyyar Sinawa ta MCA a garin suka yi yarjejeniya kada su kara da juna, suka ci kujera 9 cikin 12. Tunku Abdul Rahman, ɗan Sarkin Kedah kuma lauya, wanda ya gaji Onn a 1951, da Tan Cheng Lock na MCA suka ɗauki dabarar suka mai da ita ta ƙasa duka, jam'iyyar Indiyawa ta MIC ta shigo, a zaɓen Yulin 1955 ƙawancen ya ci kujera 51 cikin 52. Tunku ya gana da Chin Peng a Baling a Disamban shekarar ba su daidaita ba, ya tafi Landan a farkon 1956 ya dawo da ranar 'yanci.

Tsarin mulkin da kwamitin Lord Reid ya tsara ciniki ne a fili. Sinawa da Indiyawa suka sami zama 'yan ƙasa, aka ce a lokacin duk wanda aka haifa a ƙasar bayan 'yanci ɗan ƙasa ne, da 'yancin addininsu da dukiyarsu. Malayawa suka sami Musulunci a matsayin addinin Tarayya, wanda alƙalin Pakistan a kwamitin, Abdul Hamid, ya tsaya a kai, da harshensu a matsayin harshen ƙasa, da sashe na 153 mai ba su fifiko a aikin gwamnati da tallafin karatu da lasisin sana'a. Sarakuna tara kuma za su riƙa zaɓen ɗayansu ya zama sarkin ƙasa na shekara biyar, ikon gudanarwa yana hannun Firayim Minista da majalisa. Da tsakar daren 30 ga Agusta 1957 aka sauke tutar Ingila a filin da ke gaban ginin Sultan Abdul Samad, da safiyar 31 ga wata Tunku ya tsaya a sabon filin wasa ya ɗaga hannu ya kira Merdeka, wato 'yanci, sau bakwai, jama'a suna amsawa. Gana ta riga su da wata shida ba kaɗan. Nijar da Nijeriya suka biyo a 1960.

Ragowar bashi

A 1963 aka haɗa Malaya da Singafo da Sabah da Sarawak aka kira ƙasar Malesiya, a 1965 Singafo ta fita saboda saɓani a kan wannan fifiko na Malayawa. Cinikin 1957 ya raba mulki amma bai taɓa rabon arzikin da Turawa suka bari ba: manyan gonaki da ma'adinai da bankuna suna hannun kamfanonin waje, kasuwancin gari yana hannun Sinawa, manomin shinkafa yana nan inda yake. Bayan zaɓen 10 ga Mayu 1969, wanda ƙawancen ya yi asarar kujeru da yawa a cikinsa, faɗa ya ɓarke a Kuala Lumpur ran 13 ga wata, ya faro daga kewayen Kampung Baru, hukuma ta ƙidaya gawa 196, waɗansu masu lura suna ganin adadin ya fi haka. Aka dakatar da majalisa har Fabrairun 1971, Tunku ya sauka a 1970, daga baya ya tafi Jidda ya zama babban sakatare na farko na ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Magajinsa Tun Abdul Razak ya kawo sabon tsarin tattalin arziki a 1971, mai nufin rage talauci a kowace al'umma da kai rabon 'yan asalin ƙasa a hannun jarin kamfanoni zuwa kashi 30 cikin 100 kafin 1990. Talauci ya ragu ƙwarai, 'ya'yan manoma suka cika jami'o'i, amma rabon jarin ya tsaya wajen kashi 19 a ƙidayar hukuma, kuma har yau ana muhawara a majalisarsu da jaridunsu kan wa fifikon ya fi amfana, da kuma yaushe ne Basine ko Ba'indiyen da kakansa aka haifa a ƙasar zai daina jin cewa akwai ƙofar da ba tasa ba.

Kafin zama mai zuwa, kowane ɗalibi ya gwada sharaɗin yarjejeniyar Pangkor da abin da Lugard ya faɗa wa manyan Sakkwato a watan Maris 1903 game da haraji da naɗin sarauta da addini, ya rubuta inda suka yi kama da inda suka saɓa. Sa'an nan ya tambayi wani dattijo a unguwarsu abin da ya tuna, ko abin da aka gaya masa, game da zaɓen Nijeriya na 1959, ya zo mana da shi.